A-kori-kura a Panteka

Zuwana na uku ke nan Panteka,
wai neman ƙusar ƙofa nake,
ƙafata kuwa ta san inda za ta.

Tana nan bayan rumfar Barau mai walda,
tsohuwar Fijo, a-kori-kura,
shuɗinta ya koɗe ya koma toka-toka,
ƙafa uku a ƙasa, ta huɗun a kan bulo.
Da igiya ake ɗaure ƙofarta.
Na duba wurin taka birki, na hango ƙasa.
Kaza ta saka ƙwai biyar a kujerar direba.
A goshinta an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa",
tsatsa ta cinye "zuwa", ta bar sauran.

Barau ya ce, "Malam Tanimu, bodi kam ya tafi,
amma injin nan an daina ƙera irinsa.
Kawo batir ka ji da kunnenka."
Na san dillali ba ya kushe kaya,
duk da haka na ji daɗin maganar.

Irinta babana ya ja shekara goma sha tara,
daga masaƙar Kakuri zuwa Kasuwar Bacci,
dilolin atamfa sun fi kan motar tsawo,
ni a can sama kan tamfol,
ina ƙirga kwale-kwale in mun hau gada.
Da masaƙa ta rufe ya sayar da ita
ya biya mini kuɗin makaranta.
Bai ƙara ambatonta ba har ya rasu,
sai dai in irinta ta wuce a titi
yakan yi shiru a tsakiyar zance.

Ladidi ta ce, "Kwanon ɗakin yara na yoyo,
kuɗin sallama kuma ba sa haihuwa.
Wahala za ka saya, a ba ka mota gyara."
Ɗahiru ya ce, "Baba, keke mai ƙafa uku
kullum zai shigo da na cefane."
Duk sun fi ni gaskiya.

Da dare na ɗauki biro na yi lissafi:
taya huɗu, lagireto, kafireta,
takardun da suka mutu tun kafin a haifi Ɗahiru,
fenti, in an ga dama.
Na rubuta a gefe: zan ɗauko citta daga Kachiya,
masara daga Saminaka.
Na karanta, na yi wa kaina dariya.
Ni da gwiwata ba ta son matakala biyu,
ina ni ina lodin buhu?

Jiya 'yan gwangwan suka zo da sikeli,
suka zagaya ta kamar mahauta a kara,
ɗaya na ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da ƙarfe
yana yi mata kuɗi kilo-kilo.
Barau ya ce ranar Juma'a za su dawo da wuta.

Yau Alhamis.
Na aro batir wurin maƙwabcina Gambo,
na rungumo shi a kan acaɓa kamar jinjiri.
Na kwashe ƙwan nan na zuba a hulata,
kazar tana zagina daga ƙarƙashin mota.
Barau ya haɗa waya, ya ɗiga mata fetur,
na ce bismillahi, na murza.

Tari.
Tari kuma, irin na tsoho da asuba.
Sai ta kama.
Sitiyari ya yi rawa a tafina,
hayaƙi ya turnuƙe rumfar,
masu guduma suka tsaya, mai shayi ya miƙe,
warin man juye da tsohuwar kujera
ya mai da ni ɗan shekara tara.
Ban kai ga ƙirga ashirin ba ta mutu.

Ga ni da ƙwai biyar a hula,
kuɗin kwano a aljihun dama,
waya na ruri a na hagu, na san mai kira.
Hadari ya haɗo ta wajen Rigasa.

Barau ya ce, "To, yaya?"
Na ce, "Ƙara mata fetur tukuna."