Matakala Goma Sha Tara

Daga ƙasa na ƙirga su, ƙirga ba ta bukatar ƙafa:
goma sha tara, kafin ofishin karɓar koke.
Kekena na hannu ya tsaya a ta farko,
ya turje kamar jaki a bakin rafi.

Ni ne Ɗayyabu mai gyaran rediyo a Kurna.
Shan-inna ta karɓe ƙafafuna tun ina goye,
ta bar mini kunne.
Da shi na ji, a akwatin wani da nake gyarawa,
an karanto layinmu cikin ayyukan da aka kammala:
magudanar ruwa, an gina, an biya.
Na leƙa waje. Kwatar tana nan,
kore shar, tana renon sauro.
Ita ta ci katangar Iya Hansai a tsakiyar damina,
ta kwana a shagona,
ta jiƙa rediyo bakwai, babu nawa ko ɗaya.

Na rubuta takarda, mutum ashirin da uku suka dangwala.
Tasi'u ɗan ƙanwata ya turo ni tun hantsi.
Masinja ya leƙo daga bene: "Sai dai ka hau."
Na ce, "Ko shi ya sauko."
Ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro
in ya ce a ciro masa wata.

Litinin, oga yana taro.
Laraba, ya tafi ta'aziyya.
Mako na uku aka ce fayil ya yi ƙafa,
abin da ni ban samu ba a shekara arba'in da ɗaya.

Tasi'u ya ɗauki hoton allon kwangila da wayarsa,
allon da ke tsaye cikin ruwan da ya ce ya kora.
Kafin isha'i yana bayan kanta.
A bangon caji ofis an rubuta da manyan baƙaƙe
cewa beli kyauta ne.
Ƙarƙashin rubutun na ƙirga dubu biyar, kuɗin biro.
Kofur ɗin da ya ɗaga mini keke a dokin ƙofa
takalminsa ya buɗe baki.
Ya ce a hankali, "Malam, mu ma a bariki
da bokiti muke kwana."
Ban yafe dubu biyar ɗin ba.
Na dai gane akwai wani benen a saman nasa.

Mai karɓar haraji bai taɓa cewa in hau ba.
Shi yake zuwa, har ya durƙusa mu gaisa.
Rasit ɗinsa na cikin gwangwanin madara, shekara tara, ba gibi.
Ranar zaɓe kuwa ƙarti huɗu suka ɗauke ni cak,
ko ƙasa ban taɓa ba.

Jiya wata akawu, Zinatu sunanta,
ta sauko duk goma sha taran da hatimi a hannu.
Ta buga wa kwafina, ta sa kwanan wata, ta sa hannu,
ta ce, "Iyakar ikona ke nan."
Ta koma sama da sauri kamar ta yi sata.

Na manna takardar a bango, kusa da kwanon dalma.
In ka kawo mini rediyo, rana nake yanka maka.
Ranar ta zo bai yi magana ba,
ka ci kwalata, haƙƙinka ne,
ba zan ce ina taro ba.
Abin da nake nema ke nan a wurinsu:
suna, da rana, da kwalar da hannu zai kai.

Hadari ya haɗo ta gabas.
Tasi'u, ɗora kayan mutane a kan kanta ta sama,
ka duba iskar tayar baya.
Gobe da hantsi za mu koma.