Sakata

Buhu huɗu na shanshera na kai kasuwar Bunza,
noman rani, wanda na ce ba ya fita sai farashi ya ɗaga.
Ban jira ba. Lubabatu ta ci jarabawa,
takarda kuwa ba ta san jiran kasuwa ba.

A shagon Mu'awiya mai kwamfuta
muka kwashe yini uku kan benci guda.
Aka ɗauki yatsunta, aka ɗauki fuskarta,
sai aka ce sunan kakanta
ya saɓa da na katin ɗan ƙasa.
Harafi ɗaya tak, tsakuwa a cikin tuwo,
sai da ya kai mu kotu rantsuwa.
Ni da ban wuce aji huɗu ba
na haddace lambar rajistarta,
har a barci, in ji Ige, ina biya ta.

Ran da suna ya fito, Aliero,
Ige ta rangaɗa guɗa har akuya ta tsinke igiya.
Da dare na ji ta tana lissafi a duhu:
katifa, bokiti, risho, gidan sauro.
Ta zo kan ɗaki, ta yi shiru.

Gadon makaranta, wai a waya ake kama shi.
Ƙarfe goma aka buɗe, goma da kwata babu saura,
muna kan tudun bayan masallaci muna farautar sabis.
Na kama tarwaɗa da hannu a gulbi,
ban taɓa ganin abu mai santsin wannan ba.

Sai cikin gari. Dillali gaba, mu baya,
kowane lungu ƙanshin albasa.
Ɗakin farko, kana kwance kana ƙirga taurari.
Na biyu jikin gidan kallon ƙwallo.
Na uku ban ma shiga ba.
Na huɗu gidan Inna Tumba,
rijiya a tsakar gida, tsohuwa mai ido kamar na shaho.
Ɗiyata na ɗaga waya tana duba ko tana kamawa,
ni ina ƙwanƙwasa bango, ina leƙa rijiya,
ina tambayar wa ke kwana a zaure.
Ta ce, “Baba, mi kake biɗa haka?”
Na ce, “Abin da ba a sa wa a rasit.”

Can na ji wani na ƙwanƙwasa bangon ta ɗaya gefen.
Mutumin Zuru ne, da ɗiyarsa Rifkatu.
Ba mu san juna ba,
amma ciwo ɗaya ya kawo mu wurin mai magani.
Muka raba kuɗin haya biyu,
su kuma har sun fara gardamar wa zai kwana jikin taga.

Sakatar ƙofar ce ke rawa.
Na ari guduma, na sayo ƙusa ta ɗari biyu,
na durƙusa na buga kamar mai kafa gida.
Na fita na ce, “Rufe in gani.”
Ta rufe.
Na tura da hannu, na tura da kafaɗa.
Ko motsi.
Na buɗe baki zan yi hamdala
sai na lura da inda nake tsaye:
ni ne a waje.
Ciki suna dariya, ban san ta mece ce ba.

Muna wuce Jega waya ta yi ƙara.
“Baba, ka isa? Ka sha maganinka?”
Shekara goma sha bakwai ni ke wannan tambaya.

A gida Ige ta auna shinkafa da kofin kullum.
Bayan isha kwano ɗaya na nan a rufe.
Ba wanda ya ce a ɗauke shi.
Na tashi zan kulle ƙofar gida,
hannuna kan sakata,
na daɗe ban ja ba.