Mai Riƙe da Igiya

Gaba ashirin da uku na sauka a Pindiga,
a bayan gidan Jauro Bappayo,
ni da diga, da guga, da fitila mai tari,
igiya ɗaure a ƙuguna.
Daga can ƙasa, sama ba ta fi faifai ba,
faifan ma na rufe ƙwaryar nono.

Tun ina yaro aka ba ni labarinKa da kakkausar murya.
Aka ce Kana ƙirgawa, aka ce Kana jira.
Na yarda.
Na yi ta sallah kamar mai biyan bashi,
ina sallamewa ina waiwaye.

Shekara talatin ina huda ƙasar Akko.
Na san jar ƙasa, na san marmara,
na san farin yumɓu mai yaudara,
wanda zai sanyaya maka tafin hannu
ka kwana da murna, gari ya waye babu ko ɗigo.
Ina jin ƙamshin ruwa tun bai iso ba.
Kai ne dai ban sani ba.

Ranar Larabar nan iska ta mutu a ramin.
Fitila ce ta fara, sannan ƙirjina.
Na ce da hannu ya girgiza igiya, hannu ya ƙi.
Na laluba addu'o'in da na haddace,
duk sun watse kamar zabi sun ga shaho.
Abin da ya saura a bakina bai fi numfashi ba:
Ya Kai.
Ko sunanKa ban ƙarasa ba.

Sai na ji ni a goye.
Ban san yadda zan faɗa wa malamai wannan ba.
Irin goyon Inna Dudu,
ran da zazzaɓi ya kayar da ni a hanyar Tumu,
kunnena manne a bayanta,
muryarta na zuwa mini ta cikin ƙashi.
Ban gane abin da take cewa ba,
na dai san ba za ta sauke ni ba.

A bakin rijiya Hammadu ne kan igiya,
yaron da na zaga da safe don ya zubar da koko.
Ya ce bai ji motsi ba, bai ji kira ba,
shirun ne ya yi masa yawa.
Ya ja, ya ƙwala ihu, maƙwabta suka kama.
Igiya ta tafi da fatar tafinsa.
Har yau in mun gaisa ina jin tabon.

Wa ya koya wa yaro sauraren shiru?

Ban ce na gane komai ba.
Bara muka binne Talatuwa, autata, ana tsakar girbin wake.
Na tambaye Ka dalili har muryata ta dushe,
ba Ka ce mini komai ba.
Amma daren da na kasa shiga ɗaki,
na zauna kan turmi har asalatu,
ba ni kaɗai ne a tsakar gidan ba.
Wannan kam na sani, kamar yadda na san ƙamshin ruwa.

Rijiyar Jauro ta kawo a gaba ashirin da bakwai.
Mata na ja suna hirar tsadar manja,
babu wadda ta san sunana,
kuma hakan ya yi mini daɗi.

Yanzu gwiwa ta fara ƙara, Hammadu ya yi gemu.
In na sa goshi a ƙasa ba na gaggawar ɗagowa,
ƙasar nan mun saba, ni da ita.
Gobe akwai sabon rami a Kumo.
Zan ɗaura ƙullin da kaina, in gwada shi sau biyu,
in dubi yaron in ce: saki a hankali.
Zai yi dariya ya ce, Baba, ai ina riƙe.
Ni ma in yi dariya.
Na san su biyu ne.