Kan Jikan Wicai

Inna Kuluwa ta ce in ba ta labarin jirgi.
Na ce Inna, jirgi kujera ce da ɗamara, shi ke nan.
Matso da fitilar, sauron Auyo ya yi fushi yau,
ruwa ya kwanta har gindin gonar Tanimu.
Bari in ba ki labarin kan wani yaro.

Watana biyu a Tailan, ina koyon gyaran injin casa,
ina haya a ƙasan benen wani dattijo, Wicai.
Jikansa ya kawo min mangwaro a faranti,
na shafa kansa, na ce Allah ya yi albarka.
Tsakar gidan ta yi tsit, kamar mutuwa ta gifta.
Kakarsa ta yi murmushi,
ni ma na mayar mata, ina jin na burge.
Sai da aka kwana uku wani mai babur ya ja ni gefe:
a nan kai ɗaki ne mai alfarma,
baƙon hannu ba ya faɗa masa.

Ƙafa kuwa ita ce baiwar jiki.
Hannuna dumu-dumu da baƙin mai,
na nuna buhu da babban yatsan ƙafata,
sai na ga ma'aikata sun kau da ido
kamar na tuɓe a kasuwa.

Murmushinsu, Inna, ya fi irin shinkafar fadamarmu yawa.
Akwai na maraba, akwai na yi haƙuri,
akwai na ka ba ni kunya amma ba zan faɗa ba.
Ranar da bel ya tsinke na daka wa wani yaro tsawa
a gaban mutane, muryata har bakin titi.
Kowa ya yi murmushi. Na ce ashe an fahimta.
Mako guda ina cin abinci ni kaɗai a kan tsohuwar taya.

Wicai ne ya zo ya zauna, bai kalle ni ba,
yana ɓare ayaba.
Ya dafa ƙirjinsa ya ce jai yen.
Wai zuciya randa ce, a inuwa ake ajiye ta.
In ka zubar wa mutum da fuska a bainar jama'a
taka ce ta fara taɓa ƙasa.
Sannan ya tambaye ni ko na ci shinkafa,
don a can haka ake cewa sannu.

Na koyi haɗa tafuka a ƙirji in sunkuya,
ƙarami ne ke farawa.
Na koyi rage tsawo in zan gifta manya,
da tsallake dokin ƙofa ba tare da na taka ba.
Takalmi a waje, wannan kam da shi na je.
Su kuma suka koyi barin kwanona daban, ba alade,
lokacin azahar a kashe min rediyo,
ba wanda ya taɓa cewa don kai muka yi.

Shekaranjiya a injin Baba Gagare
Ɗanliti ya saki sifana cikin rariya, aiki ya tsaya cak.
Tsawa ta taso min har maƙogwaro, na haɗiye ta da zafinta,
na ce, ka karya kuwa?
Yaron ya fi tsorata da a ce na mare shi.
Baba Gagare na ta faɗa a majalisa
wai an sanyaya masa ɗa a ƙasar waje.

Inna ta gama tsince tsakuwa a faifai,
ta ce yo wannan ai kara ce,
sai da ka haye teku aka sayar maka?
Ta kori sauro da gefen mayafi.
To su, ta ce, da me suke cin tasu,
ko su ma da mai da yaji?