Mutum Tara da Safiyar Lahadi

Da asuba na kashe motar share ƙanƙara,
na bar titunan Duluth fes, yatsuna a daskare.
Na zauna a kicin, takalmi na ɗigar ruwa,
Ingrid na barci, kare na barci,
ni da waya ne kawai ido biyu.

Dala ashirin kuɗin shiga, wannan na gaske ne,
gumin dare ne, duk da sanyi ba ya barin gumi.
Dala dubu hamsin kuma na bogi,
su aka damƙa min in yi cefane:
mutum tara, babu ƙari.
In na sayi nama mai tsada, miyar ta tafi ba gishiri.

Mu dubu ɗari biyu ne kan rijiya guda,
kowa da gugarsa.
Lyle Tervo, abokin aikina, ya turo saƙo:
ɗauki mai lamba ashirin da biyu, kowa ya ɗauke shi.
To ai Lyle, abin da ya hana ni ke nan.
Sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi,
amma a nan in yawa ya ci, loma ɗaiɗai ake rabawa.
In ya yi gudu, mu dubu tamanin muka yi gudu tare,
ba wanda ya wuce wani ko da taku.

Ni mai jefa ƙwallo na fara nema,
wanda aka daina ambato tun da ya sha kunya makon jiya.
Na haɗa shi da masu cafewarsa biyu,
igiya ɗaya, in ta ɗaga ta ɗaga mu duka,
in ta tsinke, sai dai wani makon.
Na ɗauko guda daga abokan gabarsu,
don wasa ba ya zafi sai ana ramuwa.
Wasan bakin tafki kuwa na tsallake shi,
na kwana cikin iskar nan, na san halinta,
ƙwallo ba ta tashi a irin wannan rana.

Saura dala ɗari uku. Na bar su.
Mai kashe kuɗinsa ƙarƙaf yakan tarar
da tagwayensa ɗari sun riga shi zama.

Sha biyu saura minti huɗu aka ce wani ya gurɗe.
Kiɗa ya canza, na canza rawa,
da babban yatsa mai rawar sanyi.

Ƙarfe uku da kwata, ku ji ni da kyau,
sunana ne a sama. Na ɗaya.
Minti goma sha ɗaya.
Na biya bashin gida, na gyara rufin gareji,
na kai Ingrid inda ba a san shebur ba,
duk ina tsaye, cokali a hannu, ban haɗiye miyau ba.

Sai lamba ashirin da biyu, na Lyle, na kowa,
ya tsallake layi a wasan yamma. Ya sake tsallakewa.
Na ji taron ya bi ta kaina kamar garke,
na goma, na ɗari shida, na dubu da ɗari tara.

Dala arba'in da biyar.
Lyle ya samu talatin, yana ta murna.
Ban ce masa komai ba, rabon kwaɗo ba ya hawa sama,
amma ni na hau, na leƙa, na ga yadda can yake.

Tara na dare aka kira: ƙanƙara ta dawo, titin tudu ya toshe.
Na sa safa biyu.
A jar danja ta farko na buɗe jerin mako mai zuwa,
ina neman wanda kowa ya yi fushi da shi yau.