Hoto na Bakwai

A ƙasan adakar marigayi Baffa muka tsinci ambulan,
ƙarƙashin takardun haraji da wani tsohon lasin.
Hotuna tara, gara ta ci biyu.
Na kai su rumfar Sallau mai shayi bayan la'asar,
inda tsofaffin Aujara ke gyara duniya da baki.

Shida ba su ba da wuya ba.
Ga tashar Gujungu tun tana rumfa uku,
ga Landirobar likitan shanu ta kafe a yashi,
ga Fijon Alhaji Nabage,
wadda in ta shigo gari sai yara sun shafa ta sun sansana hannu.

Na bakwai ne ya raba zama.
Hanyar burji, da wata roka mai bodin katako,
an jibga mata buhunan gyaɗa har sun fi ta tsayi.
Kuka ɗaya a gefe, sai kwalbati.

"Hanyar Kiyawa ce," in ji Mati Kafinta,
"na sha fakewa a gindin kukar nan."
Ilu Ɗankamasho ya ja tsaki:
"Kuka tana da lamba ne? Gangaren Harbo ne wannan.
In ba shi ba ne, shayin kowa a wuyana."
Sallau ya ce a rubuta,
don Ilu ko nasa bai taɓa biya ba.

Aka yi ta ja har shayi ya huce.

Direba Jatau na can ƙarshen benci,
shekara goma sha ɗaya rabonsa da ganin rana.
Ya miƙo hannu, na ɗora masa hoton,
ya shafa shi kamar mai lallashin goɗiya.
"Yaro, ara min idonka.
Reshen kukar na dama, a guntule yake?"
Na ce a guntule.
"Fitilar hagu fa, da waya aka ɗaure ta?"
Na kusanto da fuska. Wallahi da waya.
"Akwai rubutu a goshinta."
Rabi ya goge, na haɗa abin da ya saura: Sannu... hana...
Ya ƙarasa min, yana murmushi da haƙori biyu.

"Ostin ce. Sai an murɗa mata ƙarfe take tashi,
in ta yi gardama ta mayar maka da shi a haƙarƙari.
Ba Kiyawa ba, ba Harbo ba.
Tsohuwar hanyarmu ce, kafin kwalta ta kauce mata,
mil huɗu daga nan, inda lagireto ke tafasa kullum.
Duba bayan tayar baya. Ba ka ga kowa ba?"

Da na ɗauka tabo ne.
Ashe ƙafafu ne biyu, sirara, ba takalmi,
da hannu rungume da waji.

"Ni ne.
Sule biyu a wata, da tuwon dare."

Rumfa ta yi tsit.
Ilu ya zame kafin a kira magariba.

Washegari na goya shi a babur.
Gero ya cinye hanyar kaf.
Kukar babu, an ce ta faɗi shekarar babban ruwa.
Kwalbatin kaɗai ya rage, bakinsa cike da yashi,
akuya na kwance a inuwarsa.
Ya zauna a kai, ya karkata kunne.
"Nan take sauya giya."
Ya kwaikwayi kukanta da maƙogwaro,
daga na biyu zuwa na ɗaya, da tarin da take yi a tsakani,
har wata mai kai abinci gona ta tsaya da ƙwarya a ka.

Na juya hoton na rubuta da biro:
wurin, da motar, da sunansa.
Ya ce, "Sa na Baffanka a sama da nawa."
Na ce ai Baffa bai fito ba.
Ya ce, "Yana ciki.
Yana ƙarƙashin motar da sifana a hannu,
shi ya sa ba ka gan shi ba."