Igwar da Ba Ta Samu Yin Kira Ba

Tarun Baltasar ne ya kamo ta,
ba kifi ba, ba anka ba,
wani dunƙulen nauyi mai ƙarni
da ya yage masa taru wuri uku.
Ya zage ta tun daga tsakiyar ruwa har tashar Horta,
ya ɗora ta a baro, ya turo min.
"Leonilde, ga kayanki. Ki biya ni kuɗin zare."

Tsawonta bai fi hannuna ba, kafaɗa zuwa yatsa.
Teku ya ɗinka mata riga
ta ɓawon katantanwa da yashi mai taurin siminti.

Wata goma sha huɗu tana kwance a baho.
Duk Litinin in zubar da ruwa, in zuba sabo,
in auna gishirin da ta amayar.
Gishiri ba ya fita da faɗa.
Lallashi yake so, kamar dattijon da aka ɓata wa rai,
yau ya sako kaɗan, gobe ya ƙi.

Da tsinken likitan haƙori na bi ta,
ƙwas, ƙwas, har wuyana ya sage.
Tagulla ta leƙo, kore shar.
Ga kambi, ga shekara:
ɗaya, bakwai, tara,
lamba ta huɗu ruwa ya lashe.
Sunan maƙerin saura harafi biyu.

Ba igwar yaƙi ba ce.
Ba ta taɓa huda jirgin kowa ba.
Murya ce kawai aka zuba a tagulla.
Cikin hazon teku ta ce, ga mu nan.
A bakin tasha ta ce, a turo jagora.
Da tsakar dare, in dutse ya farke cikin jirgi,
ta ce, ku zo, ku zo.

Custódio kafinta ya sassaƙa mata mazauni da al'ul,
yana mita ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo,
ya fere, ya fere, har ta fi su gajarta.

Ran Alhamis na zura sanda a cikinta.
Sanda ta tsaya
inda bai kamata ta tsaya ba.
Na haska fitila, na sa ƙugiya, na jawo a hankali:
tsefaffiyar igiya, an cusa ta tam,
bayanta baƙin gari, ya daskare kamar kanwa.

Albarushi.

Ashe a ɗure take.
Wani ya zuba, ya cusa, ya danna,
ƙafafunsa cikin ruwa,
ya juya neman bakin wuta,
teku ya riga shi.
Nisan tsakaninsu da gaɓa bai kai kiran mutum uku ba.
Garin yana barci, da fitilunsa, da kwale-kwalensa a ɗaure.

Na zauna a ƙasa.
Shayina ya huce a kan teburi.

Gidan tarihi sun ce kar a harba ta har abada,
tagullar ta gaji.
Gaskiyarsu.
Na shafe ta da kakin zuma sau uku,
na sa igiyar a kwalba,
na rubuta nauyi da tsawo a ɗan kati.
Katin bai da wurin sauran magana.

Daren da za a ɗauke ta
hazo ya rufe mashigi, dutsen Pico ya ɓace.
Baltasar ya shigo, rigarsa na ɗiga.
Na durƙusa, na kai bakina bakin igwa,
na ce, "Mun ji."

Muryar ta shiga, ta taɓa ƙarshe, ta dawo
da sanyi, da ƙanshin kaki.

Baltasar ya cire hula.
Ya daɗe a tsaye.
Sannan ya share hanci da bayan hannu,
ya ce, "Kuɗin zaren fa?"